Layin fayiba na megabit 50 amma fayil yana sauka kamar hawainiya: ta ina zan fara bincike?

Baban Khalifa:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman taimakon waɗanda suka san harkar intanet ta gida. Layin fayiba ne, a Kano, tsarin megabit 50 na saukewa da megabit 10 na ɗorawa, irin wanda ba a ƙayyade data. Akwatin da kamfani ya kafa shi ne rautar, shi ke ba da Wi-Fi, yana falo a bayan talabijin. Mako uku ke nan duk fayil ɗin da na sa ya sauka a laftof, abin da burauza ke nunawa bai wuce 700 KB/s zuwa 1.2 MB/s ba, a wasu shafukan ma 300 KB/s. Fayil mai gigabayit 4 sai ya haura awa ɗaya. Abin ya fi tsanani bayan sallar isha'i.

Na'urorin da ke kan layin: wayoyi shida, laftof biyu, talabijin ɗaya, da kyamarorin tsaro huɗu da aka saka watan jiya. Tsakanin falo da ɗakin da nake aiki akwai bango biyu na bulo. An kashe rauta an kunna ba adadi, an mayar da DNS zuwa 8.8.8.8, babu abin da ya canza. Kamfanin sun ce a wajensu komai lafiya lau. Kafin in kashe kuɗi a kan sabuwar rauta, don Allah me ya kamata in fara dubawa?

Injiniya Mai Kebul:

Wa alaikumus salam Baban Khalifa. Ka dakata da sayen rauta tukuna, domin har yanzu ba a san inda ciwon yake ba.

Mu fara daidaita ma'auni. Kamfani da megabit yake sayar maka, burauza kuma da megabayit take ƙirga. Bit takwas ke yin bayit ɗaya, don haka 50 Mbps idan aka raba da takwas 6.25 MB/s ne. In aka cire abin da kawunan ƙunshin data ke ci, lafiyayyen layi zai nuna maka kamar 5.7 zuwa 5.9 MB/s, fayil ɗinka mai gigabayit 4 ya sauka cikin minti 12 ko ƙasa. Kai kuwa 1.2 MB/s ɗin da kake gani bai kai megabit 10 ba. Ke nan matsalar gaskiya ce, ba ruɗanin lissafi ba.

Hanyar data zango-zango ce: daga saba mai riƙe da fayil, zuwa kamfaninka, zuwa zaren fayiba da ya shigo gida, zuwa rauta, zuwa iskar Wi-Fi, sannan laftof ɗinka. Aikinmu shi ne mu auna kowane zango shi kaɗai. Ga yadda za ka yi, kuma ka bi a jere:

Ka samo kebul na LAN, Cat5e ko Cat6, gajere, ka haɗa laftof da ramin LAN1 na rauta. Ka kashe Wi-Fi na rautar baki ɗaya na ɗan lokacin gwajin, ka zare duk wani kebul da ke sauran ramukan, har da na na'urar kyamara. In akwai VPN a laftof ka kashe shi. Ka buɗe Task Manager ka duba sashen intanet, ka tabbatar babu wani abu da ke jan data a ɓoye, musamman sabuntawar Windows.

Sai ka yi gwajin gudu a speedtest.net sau uku, ka zaɓi saba ta kusa, ka rubuta saukewa da ɗorawa da ping, wato lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo, a milisakan. Ka maimaita a fast.com. Ka yi wannan da asuba, ka sake yi da ƙarfe tara na dare.

Bayan nan ka buɗe cmd, tagar rubuta umarni ta Windows. Rubuta ipconfig ka ga adireshin rautarka a layin Default Gateway, galibi 192.168.100.1 ne ko 192.168.1.1. Ka rubuta ping -n 200 sannan adireshin. Ta kebul ya kamata amsa ta dawo cikin milisakan 1 ko 2, ba tare da ko ɗaya ta ɓace ba. Sannan ka rubuta ping -n 1000 -l 1400 8.8.8.8. Zai ci kusan minti 17, ka bar shi ya gama. Na sa 1400 ne da gangan, saboda ƙaramin ƙunshi yakan tsallake layi mai ciwo lami lafiya, babba ne ke tona asiri. Abin da muke so a ƙarshe shi ne nawa suka ɓace.

Sai ka dinga mayar da na'urorin ɗaya bayan ɗaya, kana sake aunawa bayan kowace. Kada ka canza abu biyu a lokaci guda, in ba haka ba ko an warke ba za ka san maganin da ya yi aiki ba.

Maganar DNS kuwa ka ajiye ta gefe. Aikinsa fassara sunan shafi zuwa adireshi ne kafin a fara saukewa. Da zarar fayil ya fara sauka, ya gama nasa.

Maman Ilham:

Baban Khalifa, abin da ya fi tsaya mini a bayaninka shi ne kyamarori huɗu da aka saka watan jiya, ga shi matsalar ta soma mako uku da suka wuce. Ka tambayi wanda ya haɗa su: a cikin hadis (hard disk) ɗin na'urar naɗa hoto suke ajiya a gida, ko kuwa tura hoton suke yi intanet dare da rana?

Dalilin tambayar ga shi. Kyamara ɗaya mai 1080p takan ci megabit 2 zuwa 4 a daƙiƙa. In mun ɗauki mafi ƙanƙanta, guda huɗu sun cinye megabit 8 daga cikin 10 ɗinka na ɗorawa. Waya ɗaya ta soma tura hotunanta Google Photos ko ajiyar WhatsApp, hanyar fita ta cika maƙil.

Mutane da yawa suna ɗauka ɗorawa daban, saukewa daban, ba ruwan wannan da wancan. Ba haka ba ne. A tsarin TCP, ƙa'idar da ake bi wajen sauke fayil, duk sanda ƙunshin data ya iso, kwamfutarka sai ta mayar da 'yar gajeriyar amsa cewa ya iso, sannan saba ta ci gaba da turowa. Saukewar megabit 50 tana buƙatar kusan megabit 1 na waɗannan amsoshi a hanyar fita. In hanyar ta cika da hoton kyamara, amsoshin sai su shiga dogon layi a cikin rauta, saba ta ga shiru, ta rage turowa. Sai ka ga saukewa ta faɗi alhali ba wanda ke sauke komai a gidan.

Gane wannan ba wuya. Ka bar ping 8.8.8.8 -t yana tafiya a taga ɗaya. Ka zare kebul ɗin kyamarori ka kalli lambobin, ka mayar ka sake kallo. In ya tashi daga milisakan ashirin da wani abu zuwa ɗaruruwa, ka kama ɓarawo ɗaya.

Akwai kuma wani lissafi da ya kamata ka yi. Megabit 2 ba tsayawa gigabayit 21.6 ne a yini. Kyamara huɗu kusan gigabayit 86 a yini, wato terabayit 2.6 a wata. Ka karanta takardar yarjejeniyarka da kyau, domin akwai tsare-tsaren da ake kira marasa iyaka amma suna da sharaɗin rage gudu idan an wuce wani adadi. Alamar an rage maka ita ce gudun ya tsaya cak a kan lamba ɗaya, safe da dare, ba ya hawa ba ya sauka. Naka yana hawa yana sauka, don haka ban fi zargin wannan ba, amma a duba.

Ɗan Fayiba:

Malam, ka ƙara abu ɗaya a kan gwajin da Injiniya ya ba ka: ƙarfin hasken da ke isowa akwatinka.

Ka buɗe burauza ka rubuta adireshin rautar, sunan shiga da kalmar sirri suna jikin takardar da ke manne a ƙasan akwatin. Ka nemi shafin bayanan haske, za ka ga layi mai suna Rx Optical Power, lambar tana da alamar ragi a gabanta, ma'auninta dBm. A layin GPON, wanda shi ne galibin fayibar gidaje, akwatin yana aiki ne tsakanin -8 da -27. Inda ake so ya zauna shi ne wajen -15 zuwa -24. Daga -25 an shiga gargada, -27 kuma bakin rami ne.

Dalilin da ya sa kamfani zai ce maka komai lafiya: a allonsu abin da ma'aikacin waya ke gani shi ne akwatinka yana kan layi. Fitilar PON tana kore, fitilar LOS ba ta yi ja ba. Amma tsakanin lafiya da mutuwa akwai jinya. Haske mai rauni ba ya rage gudu kai tsaye kamar an murɗe famfo, ɓata wasu ƙunshin data yake yi, a zubar da su, a sake aikowa. Wannan ɓatawar ce ke karya saukewa.

In shafin yana nuna zafin akwatin, ka rubuto shi ma. Bayan talabijin wuri ne mai zafi da rashin iska, ga bazara. Ka kuma duba adaftar wutar: abin da aka rubuta a jikin akwatin, misali 12V 1A ko 1.5A, shi ya kamata adafta ta bayar. In da ƙaramin batirin ajiya kake amfani saboda ɗaukewar wuta, ka auna shi da mita yayin da rautar ke kunne. Mai ƙwayar 18650 uku a jere yana farawa daga 12.6V, in ba shi da abin daidaita wuta yana iya gangarowa har wajen 9V kafin ya mutu, a nan ne rauta ke soma sake kunna kanta ko Wi-Fi ya dinga yankewa.

Baban Khalifa:

Allah Ya saka da alheri, na yi duk gwaje-gwajen. Ga sakamako.

Ta kebul, komai a cire: da asuba saukewa 44, ɗorawa 9.4, ping 23. Ƙarfe tara na dare saukewa 39, ɗorawa 9.1. Ping zuwa rauta 200, babu wanda ya ɓace. Ping 1000 zuwa 8.8.8.8, huɗu sun ɓace da asuba, shida da dare. Amma duk da gwajin ya nuna 44, da na sa wani fayil daga saba da ke Jamus, 300 KB/s ɗin nan dai ya tsaya, ta kebul ɗin kuwa. Ping zuwa can 130 ne.

Da na mayar da kyamarori, ping ya tashi daga 23 zuwa tsakanin 400 da 650, saukewa ta koma 14. Mai haɗawar ya tabbatar duk huɗun suna tura hoto intanet ba tsayawa.

A ɗakina ta Wi-Fi, kyamarori a cire, gwajin ya ba da 11. Hasken fayiba -27.9 dBm. Zafin akwati digiri 61. Adafta ta kamfani ce, mita ta nuna 12.1V. Na kuma lura Windows yana nuna gudun kebul ɗin 100 Mbps ne, ba 1000 ba.

Sabon Shiga:

Yaya, ai ga matsalar nan a fili, kebul ɗin 100 yake bayarwa. Ka sayi Cat6 ka huta.

Injiniya Mai Kebul:

Ƙanena, ka lura da kyau, amma ba shi ne ya tare hanya ba. Kebul da ya haɗu a 100 yana wuce da kusan megabit 94 na ainihin data, layin kuwa 50 ne. Ƙofa ta fi kayan faɗi. Abin da 100 ɗin ke nunawa shi ne ko dai ramin laftof ko na rauta iyakarsa ke nan, ko kuma ɗaya daga siraran wayoyi takwas na ciki bai taɓa ba. Gudun 100 da wayoyi huɗu yake aiki, na fil 1, 2, 3 da 6, gudun 1000 kuma sai duka takwas. A gyara shi daga baya, zai yi amfani ranar da aka ƙara girman layin.

Baban Khalifa, lambobinka sun nuna ciwo uku daban-daban, kowanne da nasa rabon. Kyamarori sun sauke ka daga 44 zuwa 14. Wi-Fi ya sauke ka daga 44 zuwa 11. Na ukun shi ne wanda ya fi ɓuya, kuma shi nake so in tsaya a kansa, domin shi ne ya sa gwaji ke cewa 44 amma fayil na cewa 300 KB/s.

Huɗu cikin dubu ƙaramin abu ne a ido. A wajen TCP ba ƙarami ba ne. Duk sanda ƙunshi ɗaya ya ɓace, saba tana ɗauka hanya ce ta cunkushe, sai ta zabge gudunta, sannan ta dinga ƙarawa sannu a hankali. Saurin farfaɗowarta ya dogara ne da tsawon lokacin zuwa da dawowa. Akwai lissafin da masu wannan aiki ke amfani da shi don kintace: girman ƙunshi, a raba da lokacin zuwa da dawowa, a ninka da 1.22, a raba da tushen murabba'in kason da ke ɓacewa. Mu saka naka. Ƙunshi bayit 1460 ne, wato bit 11,680. Ɓacewa 0.004. Saba ta kusa mai milisakan 23 za ta ba igiya ɗaya, wato haɗi ɗaya tsakaninka da saba, kusan megabit 10. Saba ta Jamus mai milisakan 130 za ta ba igiya ɗaya ƙasa da megabit 2, wato ɗari biyu da 'yan kai na KB/s. Lissafin kintace ne, sabobin zamani sukan ɗan fi haka, amma dubi yadda ya yi kusa da 300 ɗin da kake gani.

To me ya sa gwajin ya nuna 44? Saboda speedtest.net igiyoyi da yawa yake buɗewa lokaci guda zuwa saba ta kusa, ya tara su. Burauza kuwa da igiya ɗaya take jan fayil daga nesa. In kana so ka gani da idonka, a shafin gwajin akwai zaɓin Single a ƙarƙashin maɓallin farawa. Ka danna shi, ka zaɓi saba ta Landan ko Faris, ka ga abin da zai bayar. Wannan sakamakon shi za ka nuna wa kamfani, ba na farkon ba.

Nisa kansa ba ya gyaruwa. Haske a cikin zaren gilashi yana tafiyar kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa, wato kowane kilomita 100 yana ƙara milisakan 1 a zuwa da dawowa. Daga Kano sai data ta gangara Legas, inda manyan kebul na ƙarƙashin teku suke sauka, sannan ta bi gaɓar Afirka ta Yamma zuwa Turai. Milisakan 130 daidai ne da wannan tafiya. Wani lokaci ciwon can yake a teku, kamar ranar 14 ga Maris 2024 da kebul huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka samu matsala a yankin gaɓar Kodebuwa, intanet ta yi rauni a ƙasashe da dama. Irin wannan kowa yake shafa a gari, ba gida ɗaya ba. Naka na gida ne, tunda ga -27.9 a rubuce. Bambancin 44 da asuba da 39 da dare kuwa cunkoson unguwa ne na yau da kullum, don zaren GPON ɗaya mai kusan gigabit 2.5 gidaje da yawa ke rabawa. Wannan bai kai abin ƙorafi ba.

Ɗan Fayiba:

-27.9 ya wuce iyaka. Kafin ka kira su, ka bi zaren da ido daga bayan akwatin har inda ya fita daga gida, domin sau da yawa asarar a cikin mita goman ƙarshe take.

Ka duba siririyar wayar nan rawaya da ta shiga akwatin. Ba a son a lanƙwasa ta fiye da da'irar da ta kai faɗin bakin kofin shayi, wato kusan santimita 6 daga gefe zuwa gefe. In an naɗe ragowarta an ɗaure tamau da roba, ko ƙafar teburin talabijin ta danne ta, ko ta bi ta ƙarƙashin ƙofa, ko an buga mata ƙusa mai kai a kusurwar bango har ta yi gwiwa, haske yana tsiyaya a wurin. Lanƙwasa ɗaya mai tsanani tana iya cin dB da yawa. Ka buɗe shafin hasken a waya, ka saki ɗaurin a hankali, ka sabunta shafin. In lanƙwasa ce za ka ga lambar ta gyaru nan take.

Sai kan wayar. Launinsa ya dace da na ramin: kore da kore, shuɗi da shuɗi. Koren SC/APC ne, bakinsa a goge yake a karkace da digiri 8, shuɗin SC/UPC ne, bakinsa a miƙe. In aka cusa shuɗi a ramin kore, gilasan biyu ba sa haɗuwa daidai, a yi asarar haske, wani lokaci ma a ƙuje bakin. Ka tabbatar ya shiga har ya yi ƙas. Ƙurar hunturu ma tana shiga in an taɓa barin kan a buɗe: tsakiyar zaren da haske ke bi kusan maikiron 9 ne, ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta tare wani sashe. Ba a hura masa iska da baki, ba a goge shi da gefen riga ko auduga. Da alƙalamin goge fayiba ake yi, ko takarda marar gashi da ɗigon isopropyl.

Gargaɗi, kuma da gaske nake: kada ka leƙa bakin zaren ko ramin akwatin da ido. Hasken 1490 da 1310 nanomita ne, ido ba ya ganinsa, don haka ba zai ƙifta ya kare kansa ba. A hana yara ma.

In ka duba duk wannan lambar ba ta motsa ba, aikin ya koma nasu. Ka ce musu a turo ma'aikaci da mitar haske, ya auna a akwatin rabawa da ke kan turke, ya sake aunawa a cikin falonka. Tsakanin wuraren biyu bai kamata bambanci ya wuce dB 1 zuwa 2 ba, tunda zaren kansa kusan kwata ɗin dB yake ci a kilomita guda, kowane mahaɗi kuma bai kamata ya wuce rabin dB ba. In a turke -21 ne a falo -28, to wayar da ta shigo gidanka ce ko kan da aka haɗa mata. In tun a turken -27 ne, su nemi gyara a nasu ɓangaren. Ka karɓi lambar ƙorafi, ka ajiye hoton shafin hasken da na ping mai kwanan wata. In an yi ta ja maka rai, hukumar sadarwa ta NCC tana da layin 622 na kyauta, kuma za su tambaye ka lambar ƙorafin da ka fara kai wa kamfanin.

Zafi 61 bai kai na lalata na'ura ba, amma ka fito da akwatin daga bayan talabijin. Hakan zai taimaki Wi-Fi ɗin ma.

Maman Ilham:

Na kyamarori ba ya buƙatar ko sisi. A shiga saitin na'urar naɗa hoton a yi abu uku. A mayar da ajiya cikin hadis na gida, a bar turawa intanet sai in kyamara ta ga motsi. A saita ƙaramin hoto na kallo daga waya, wanda ake kira sub-stream, a kan 512 kbps ko ƙasa, babban hoton ya tsaya a gida. In kyamarorin suna karɓar H.265 a zaɓe shi a madadin H.264, yana rage nauyin sosai, wani lokaci har kusan rabi. Da wannan, huɗun gaba ɗaya ba za su wuce megabit 2 ba ko da ana kallonsu daga waje.

A wayoyin gida kuma a mayar da ajiyar WhatsApp ta zama ta mako-mako, a cire bidiyo daga ciki in ba dole ba.

Maganin dindindin shi ne rauta ta riƙe layin da kanta kada ya cika. In tana da QoS, saitin ƙayyade gudu, mai karɓar lamba, a rubuta ɗorawa 8.5, saukewa 39, wato kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari na abin da aka auna ana samu. Ana sadaukar da kaɗan ne don kada dogon layi ya taru. Akwatunan kamfani da yawa ba su da wannan, ko an kulle shafin. In haka ne, a nan ne sayen rauta ke da ma'ana: wadda ke ɗaukar manhajar rauta ta OpenWrt, a kunna saitin hana dogon layi na SQM a zaɓi CAKE, a roƙi kamfani su mayar da akwatinsu gada kawai (bridge mode), ya dinga miƙa wa sabuwar rautar intanet. Amma ka fara da saitin kyamara, mai yiwuwa ya wadatar.

Baban Khalifa:

Alhamdu lillahi. An samu wayar rawaya a naɗe an ɗaure ta da roba, ƙafar teburi kuma ta danne gefe ɗaya. Da aka sake ta lambar ta koma -25.6. Ma'aikacinsu ya zo ya auna turke -20.8, ya yanke kan ya haɗa sabo, yanzu -21.7. Ping 1000, babu ko ɗaya da ya ɓace. Fayil ɗin Jamus yana sauka a 5.1 MB/s ta kebul. An gyara saitin kyamarori, ping yana zaune a 25 ko suna kunne. Saura ɗakina: na fito da akwatin na ɗora a kan kanta, ya tashi daga 11 zuwa 17 kawai. In sayi abin ƙara siginal ɗin nan da ake sakawa a soket?

Injiniya Mai Kebul:

Madalla. Game da abin soket ɗin, ban ba ka shawara ba. Mai rediyo ɗaya da baki ɗaya yake ji yake maimaitawa, don haka yana raba gudu biyu, kuma raunannen siginal ɗin da ya tsinta shi zai maimaita. Sandunan waya za su cika, saukewa ba za ta ƙaru ba.

Ka fara duba abin da laftof ke samu. A ɗakin ka rubuta netsh wlan show interfaces, ka karanta Channel da Receive rate da Signal. In tashar tsakanin 1 da 13 take, kana kan 2.4 GHz. A nan tashoshi uku ne kaɗai ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11, in an saita faɗin 20 MHz. Ka sa manhajar duba Wi-Fi a wayar Android ka ga wacce maƙwabta suka fi bari, ka kafa rautar a kanta. Ka tabbatar tsaron WPA2 ne da AES, domin in an bar shi a TKIP haɗin ba ya wuce 54 Mbps. Ka sani kuma lambar Receive rate ba ita ce gudun da za ka samu ba, kusan rabinta ake samu. Na'ura mai eriya ɗaya a faɗin 20 MHz iyakarta 72, ainihin data wajen 35 zuwa 45, kuma a kusa da rauta ke nan. Tashar 5 GHz ta fi sarari da gudu, sai dai bango biyu na bulo mai filasta suna cinye ta. In manhajar ta nuna -67 dBm ko abin da ya fi haka ƙarfi, kamar -60, a ɗakin, ka koma kanta. In ta kai -75, ba za ta riƙe ba.

Abin da zai ba ka 50 ɗinka cikakke a ɗakin shi ne kebul. Ka auna tsawon, ka ƙara mita biyu, ka sayi Cat6 na tagulla zalla. A shago ka ce a kankare bakin waya ɗaya da wuƙa: in cikinta ya fito fari, alminiyom ne aka shafa wa tagulla, yana karyewa a wajen matse kai, ka bar shi. Iyakar tsawo mita 100 ne, gida ba zai kai ba. A bi da shi ta cikin silin ko cikin bututun roba, kada a ɗaure shi jiki da jiki da wayar wuta. Kawunan biyu a jera su iri ɗaya: fari-lemo, lemo, fari-kore, shuɗi, fari-shuɗi, kore, fari-ƙasa, ƙasa. A gwada da abin gwajin kebul, fitilu takwas su kama a jere.

In laftof ce kawai, ka soka mata kebul ɗin shi ke nan. In kana son wayoyi ma su amfana, ka sa rauta ta biyu a ɗakin, ko tsohuwa ce. Ka kashe mata DHCP, saitin da ke raba wa na'urori adireshi, ka ba ta adireshi a cikin jerin ta farko wanda ba a raba wa kowa, misali 192.168.100.2 in ta falo 192.168.100.1 ce, ka soka kebul ɗin a ramin LAN, ba WAN ba. Suna da kalmar sirri su zama iri ɗaya da na falo, tasha kuma daban: in falo na kan 1, ɗaki ya hau 11.